Marka da Sunan da Inna Altine Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya yi karatu mai ɗan zurfi a Yelwa a shekarun farko na Jihar Kebbi, ko ya manta sunan shugaban makarantarsu, bai manta Marka ta laburare ba. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya da saurin baki, tabarau rataye a wuyanta da zare. Ɗiyar manoma ce daga ƙauyukan kan tudu na ƙasar Ngaski. An haife ta ana tsakiyar marka, ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa, uwarta ta ce ba sai an wahalar da kowa wajen neman suna ba. Makarantar mishan ce ta koya mata karatu, aure ya kawo ta Yelwa, kuma shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato ta samu aiki a wani ɗan laburare da ke bayan kasuwa, ɗaki biyu da baranda. Aikinta kakkaɓe littattafai da jera katuna a wani dogon akwati mai aljihuna, kowane littafi da katinsa, a ƙarƙashin sunan wanda ya rubuta shi, ko sunan littafin, ko abin da yake magana a kai.

Marka ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba. In ta tashi daga aiki, tun daga bakin titi take ƙwala wa ɗiyarta ta fari kira, "Hannah! Hannah!", har maƙwabtanta Hausawa su riƙe baki. Su dai a wurinsu mace mai kunya ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta kallonsa ido da ido a gaban mutane, kamar yadda ba ta faɗin sunan mijinta. In sun tsokane ta, sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Ni na haihe ta, in ban kira ta ba wa za ya kira min?" A ranta tana ganin al'adar nan ba komai a cikinta sai sanyin zuciya, kuma ta daɗe da wannan ra'ayi.

Bayan shekara goma da 'yan kai tana wannan aiki, wata ƙungiya ta kawo wa laburaren kwamfuta biyu da firinta, aka kafa faranti a kan rufi don kamo intanet. Aka haɗa da ɗan janareta, domin duk da tafkin Kainji da ke ba ƙasa wuta yana nan a ƙofar gida, wutar kanta baƙuwa ce a Yelwa, ta leƙo ta gaisa ta wuce. Aka kai Marka Birnin Kebbi horo. Ta tafi tana ganin an zo da abin da zai raba ta da aiki. Da ta zauna gaban na'urar aka nuna mata rumbunan da masana ke tara bincikensu, ta ga gurbin sunan marubuci, ga na sunan aiki, ga na abin da aikin ya ƙunsa, sai ta kwashe da dariya. Ashe akwatinta ne na katuna aka sa wa wuta.

Tun daga nan barandar laburaren ba ta sake rabuwa da mutane ba. Ɗalibai masu rubuta kundin gama karatu, malaman sakandare masu neman ƙarin digiri, ma'aikatan gona, kowa ya zo da buƙatarsa, Marka kuwa ba ta raga wa kowa. Har yau ana ba da labarin Malam Bello, malamin kimiyya, mutum mai ladabi. Ranar da ya fara zama gaban kwamfuta, sai ya cika gurbin nema da sallama da gaisuwa da neman afuwa, kafin ya roƙi a taimaka masa da bayani a kan cutar shinkafa. Na'ura ta ce ba ta samu komai ba. Marka ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce, "Malam, wagga aba ba ta da tarbiyya, ba ta amsa gaisuwa. Ka ba ta kalma biyu ko uku, waɗanda sunka hi nauyi, ka bar ladabin ga mutane." Ya goge komai ya bar shinkafa da cuta, sai ga abu ya zubo.

Haka take koyar da su, rabi faɗa rabi wasa. Wanda abu ya yi masa yawa har ya rasa ta ina zai fara, ta ce ya ƙara sunan wuri ko ya ƙayyade shekaru. Wanda bai samu komai ba, ta ce ya cire kalma ɗaya, ko ya musanya ta da 'yar'uwarta, tunda ba kowa ke kiran abu da suna ɗaya ba. Ba ta yarda kowa ya sauke dogon aiki bai karanta taƙaitawar da ke samansa ba, saboda intanet ɗin Yelwa tafiyar hawainiya yake yi, kuma akwai mutane a layi. Tana tura su wutsiyar kowace maƙala su duba manazarta, wai a can ne mai aiki ke faɗin gidajen da ya ci abinci. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne yaro ya kwafi magana bai ɗauki sunan mai ita da shekara ba, ko ya kawo mata surutun kowa da kowa na intanet ya ce bincike ne. Sai ta zare tabarau ta ce masa maganar tasha daban, ta masana daban, ya koma rumbun da aka tace.

Wata ranar kasuwa, da hantsi, wata tsohuwa ta tsaya a bakin baranda da kwando a kai. Ƙamshin kifin banda ya riga ta shiga. Ta ajiye kwandon, ta tuɓe takalma duk da ba wanda ya ce ta tuɓe, ta yi sallama. Marka ta ɗauka talla ta kawo.

"Inna, yau ba mu sayen kihi."

"Ba talla niz zo ba, ɗiyata. Nan ne anka ce akwai akwatin da ad da aikin 'yan boko duka a ciki?"

Marka ta jawo mata kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Sunanta Altine, daga wani ƙauyen masunta a bakin tafki, can wajen Wara. Sana'arta banda, tun tana budurwa. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da yara da aiki, sannan ta dubi bango ta ce akwai wani yaro na gidansu da ya yi karatun kifi a jami'a. Bayan ya gama ya dawo yana yawo bakin tafki yana tambaye-tambaye yana rubutu. Zazzaɓi ya ɗauke shi wata damina, ko aure bai yi ba. Wurin zaman makoki wani abokinsa ya ce kada a ce ya tafi bai bar komai ba, aikinsa na nan cikin na'ura, duniya na karantawa. Tun ranar maganar take zaune a ranta. Abin da take so kawai ta sani, gaskiya ne akwai abin da ya bari, ko dai maganar lallashi ce irin ta gaisuwar mutuwa.

"Allah shi jiƙan shi," in ji Marka. "Wanga abu mai sauƙi ne, Inna. Mi as sunanshi?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"To sunan babanshi fa?"

Kan ya ƙara yin ƙasa. Nan Marka ta gane. Yaron nan na gidansu ɗanta ne na fari, babansa kuwa mijinta ne, kuma ba ɗaya daga cikin sunayen biyu da zai fito daga wannan bakin. Ga shi ba ta iya rubutu ba balle ta rubuta. Marka ta ji haushi. Mutum ya mutu, an binne, amma har yanzu kunya! Ta danne, ta ce ko Inna za ta zo da wani ɗan'uwa ran kasuwa mai zuwa ya faɗa.

"A'a, ɗiyata. Ba wanda yas san na zo. In anka ji Altine ta tahi Yelwa biɗar wancan yaro, ina zan sa kaina? Kihi niz zo saidawa, shi kowa yas sani."

Ta faɗi haka tana kai hannu ga kwandonta, alamar ta haƙura za ta tafi. Hannun ne Marka ta kalla, baƙi ƙirin da hayaƙi. Matar nan ta shiga jirgin ruwa, ta shiga mota, ta ratsa kasuwa tana tambayar baƙi hanya, duk a ɓoye. Haushin ya bi ruwa, tausayi ya maye gurbinsa, ta ji ba za ta iya barinta ta koma hannu rabbana ba.

"Zauna, Inna. Ƙohwa ukku ag ga akwatin ga. Kin ruhe ɗaya, saura biyu. Ba ni labarin aikin."

Ta sa aka tada janareta, ta roƙi ɗaliban da ke layi su ɗan sha iska a baranda. Ta buɗe rumbun binciken noma da kiwon kifi, ta rubuta kifi da Kainji da Turanci. Abu ya zubo kamar an fasa buhun gero, ayyukan Turawa da na 'yan ƙasa tun daga lokacin da aka datse kogi.

"Sun yi yawa. Kihin mi yaka tambaya? Kamu, ko kiwo, ko ciwo?"

"Banda," in ji Altine. "Ƙwarin da ka cin kihi bayan an banda shi, kahin shi kai kasuwa. Su sunka dame shi."

Marka ta ƙara banda da ƙwari. Jerin ya ragu, amma har yanzu da saura. Ta tambayi shekara. Altine ba ta san shekarun boko ba, amma ta san cewa ya fara zuwa da tambayoyinsa bayan an ba su sabuwar jiha, kuma ya rasu kafin a koma mulkin farar hula. Marka ta rufe shekarun da ke gaba da na baya. Shafin ya tsaya yana tunani, su ma suka tsaya. Cikin wannan jiran ne bakin tsohuwar ya buɗe, tana magana da bango. Ta ce kakarsa ce ta raine shi, kamar yadda aka saba. In ya zo hutu, sai ta zuba masa tsokar giwan ruwa mafi kyau ta ba ƙannensa su kai, ta ce ragowa ce. Da ya fara aikin nan yakan zo ya tsuguna nesa da murhunta, ya tambayi iska wane itace ya fi korar ƙwari, marke ko ƙirya. Ita kuma sai ta ba wuta amsa. Haka suka yi damina biyu suna hira, ba wanda ya dubi wani.

Shafin ya buɗe. Ayyuka kaɗan suka rage, ba su cika yatsun hannu ba.

"Inna, zan karanta sunayen masu su. Ba sai kin ce komi ba."

Ta karanta na farko, tsohuwar na kallon ta. Ta karanta na biyu, ko gezau. Ta sa yatsa a kan na uku ta karanta a hankali: "Bilyaminu Audu."

Altine ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta juya wa kwamfutar baya. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana, amma ranar Marka a ƙeya ta karanta shi. Ta fassara mata taƙaitawar da Hausa, ba ta tsallake komai ba: an gwada itatuwa iri-iri wajen banda a ƙauyukan bakin tafki, an ga wanda kifinsa ya fi daɗewa ƙwari ba su taɓa ba. Daga cikin mayafin murya ta fito, "Ai na hwaɗa."

Sai dai taƙaitawar ce kawai a buɗe. Cikakken aikin an kulle shi, rumbun ya ce laburaren Yelwa ba shi da izinin shiga. Marka ta san wannan wulaƙancin, ta kuma san maganinsa. Ta ce wa tsohuwar ta je ta sayar da kifinta ta dawo ran kasuwa mai zuwa. Ta ɗauki sunan aikin daidai yadda yake, ta neme shi a wasu rumbunan da ba a kulle ba, ba ta samu ba. Ta duba inda aka fara gabatar da shi, ta ga a wani taron masana kifi ne. Sai ta aika saƙo ga wata ma'aikaciyar laburare da suka yi horo tare, wadda ke aiki inda ake ajiye irin waɗannan kundaye. Wannan karon ta yi gaisuwa cikakkiya irin ta Malam Bello, tunda da mutum take magana. Kafin kasuwa ta zagayo, aikin ya iso shafi-shafi.

Altine ta dawo da kwandonta. Marka ta riga ta buga takardun, amma ta bar aikin a buɗe a kan allo, domin akwai abin da firinta ba ta fitar da kyau ba. A tsakiyar aikin akwai hoto guda. Murhun banda ne na laka, hayaƙi na tashi, kifi jere a kan waya. A gabansa wata mace ce a tsugune, ta ba mai ɗaukar hoton baya, ba a ganin komai nata sai ɗaurin kallabi da zane mai zanen ganye da hannu ɗaya miƙe cikin hayaƙi. A ƙasa an rubuta cewa wannan wata gwanar banda ce a bakin tafki, wadda yawancin abin da ke cikin aikin daga wurinta aka koya. Ba a faɗi sunanta ba.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin.

"Zanen ga yana nan cikin adakata," ta ce. "Ran da yaz zo da abin hoto, nij juya. Na zaci ya haƙura."

"Bai sa sunanki ba, Inna."

"Ina za ya sa? Yaron kirki ne. Yana da kunya."

Ta faɗi haka da alfahari, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Marka ta tuna duk shekarun da ta yi tana cewa al'adar nan sanyin zuciya ce, sai kunya ta kama ta ita ma. Ga mutum biyu da suka so juna iyakar so, ba wanda ya taɓa kiran wani, kuma kowannensu ya ji.

Altine ta karɓi takardun da hannu biyu. Ta juya su sama, ta juya su ƙasa, sannan ta ce, "Ɗiyata, ina ne wurin?" Marka ta gane wurin da take nufi. Ta kama yatsan nan mai baƙin hayaƙi ta ɗora shi a kan layin da ke ƙarƙashin sunan aikin, ta ja shi daga farkon kalmar zuwa ƙarshenta.

"Sake hwaɗa min."

Marka ta sake faɗa.

An gama aiki, mai kuma na ƙonewa, don haka Marka ta fita baya za ta kashe janareta. Yana nan dab da tagar ɗakin, yana ta ruri. Ta sunkuya ta kai hannu ga makunnin ke nan, sai ta hango tsohuwar ta taga. Ita kaɗai ce a ɗakin, yatsanta na nan inda aka ɗora shi. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta tabbata ƙarar injin ta rufe komai. Sai leɓɓanta suka motsa. Marka ba ta ji da kunne ba, amma ta ga sunan ya fito, gaɓa bayan gaɓa, a hankali, irin yadda uwa ke kiran yaro ya zo ya ci abinci. Tsohuwar ta ɗan saurara kamar mai jiran amsa, sannan ta sake kira.

Marka ta janye hannunta daga makunnin. Ta juya wa tagar baya, ta tsaya cikin hayaƙin injin da zafin rana, ta bar shi yana ruri. Ɗalibai a baranda suka yi ta mamakin abin da ya samu matar da ke faɗa in an ɓata mai ko na cokali ɗaya. Malam Bello ya leƙo ya ce, "Malama, ba a gama ba?"

"Ba a gama ba," in ji Marka. "Akwai mai magana a ciki."